Ƙafafun Gwaggo Ƙararrawa

Kasuwar ba ta da filin kanta. A kan layin dogo take ci, tsakanin katangar wani tsohon sito da gidan injin niƙa, daidai inda layin ya yi kwana ya ɓace wa ido. Masu kaya kan shimfiɗa buhu a kan tsakuwa, wasu har kan ƙarfen, su kafa laima su zauna. In jirgi ya taho a kwashe, in ya wuce a mayar. Jirgin kuwa na kaya ne, ba shi da lokaci. Yau da hantsi, gobe sai rana ta yi sanyi, jibi ko ƙeyarsa ba za a gani ba. Injin niƙa na ruri tun safe, kwanar kuma ta ɓoye jirgin, kafin ƙahonsa ya shiga kunnen mutum ya riga ya kawo kai.

Abin da ya riƙe kasuwar shekara da shekaru ba a yi asarar rai ba, ƙafafun wata tsohuwa ne, kurma, mai sayar da allura da zare da maɓalli a tire. Gwaggo Ƙararrawa ake ce mata. Takan zauna a bakin ɗaya daga cikin katakan da aka shimfiɗa ƙarfen dogon a kansu, ta ɗora tafin ƙafarta a kan na gaba, ba takalmi. Tun jirgi na can nesa, bai ma ƙetare gada ba, katakon ke gaya mata. Sai ta ɗauki murfin tukunya da cokali ta shiga bugu tana ihu, “Ku kwashe! Ga maigida nan!” Mutane su tattara kayansu a tsanake, har da masu ƙarasa ciniki.

Saboda haka duk wanda ke cin kasuwar nan, ido ɗaya a kan kayansa, ɗaya a kan Gwaggo. Mai shayi na tsiyaya ruwan zafi yana satar kallonta. Mai nama na wasa wuƙa yana satar kallonta. Ita kuwa wannan kallon shi ne dukiyarta. A ko'ina cikin gari kurma ce, wadda ake yi wa magana da hannu kamar ƙaramar yarinya. A nan kaɗai ake jiran ta motsa kafin a motsa.

Ba da kurumtar aka haife ta ba. Tana shekarun famfara zazzaɓi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya ya tafi da kunnuwanta. Maganar da ta riga ta koya ta zauna mata a baki, amma duniya ta yi tsit. Ta daina wasa, ta daina ci sai an matsa mata. Ubanta leburan reluwe ne, cikin masu bin layi da diga da shebur. Wata safiya ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta bakin layi, ya cire mata takalmi, ya tsayar da ita a kan katako, ya riƙe hannunta. Da fari ba komai. Can sai wani abu ya soma yi mata susa a tafin ƙafa, kamar kiyashi na tafiya ƙarƙashin fata. Ya hau idon sawu, ya hau gwiwa, ya taho har ƙirji. Ta ɗaga kai ta ce, “Baba, wani abu na zuwa.” Ya ɗauke ta ya koma gefe, suka daɗe suna jira kafin kan jirgin ya ɓullo. Da ta waiwaya ta ga ubanta na goge ido da hularsa.

Tun daga ranar ba ta ƙara sa takalmi ba.

Allah da ikonsa, da ta tashi aure sai ta auri mai yanka takalma daga tsohuwar taya, wanda ke da rumfa a bayan sito. Kasuwa ta sami abin dariya. “Malam, ka yi wa gari duka takalmi, ka bar ta gida tana taka ƙaya?” Shi ko sai ya ce, “Ku bar min ita haka. Ranar da ta sa takalmi, ku za ku fara kuka.” Duk da haka sai da ya yanka mata nata. Sawunta ya bi ya auna a taɓo bayan an ɗauke ruwa, don ya san ba za ta miƙa masa ƙafar ba. Ta karɓa, ta juya su, ta yaba ɗinkin, ta rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta haihu, 'ya'yan ba su zauna ba. Shi ma ciwon ƙirji ya ɗauke shi tun gashinta bai fara fari ba. Ta ci gaba da zama ita kaɗai a ɗakin, wanda bangonsa ke kallon layi, takalman na nan a ƙusarsu.

Ƙaninta tela ne a wata unguwa can gaba da titin kwalta. Ba ya zuwa ya tafi bai yi mata maganar komawa gidansa ba. Yakan durƙusa a gabanta don ta ga bakinsa, tunda a leɓe take gane magana.

“Yaya, ɗakin nan fa na nan a share. Yara sai tambaya suke.”

“Unguwarku ƙasarta matacciya ce,” in ji ta. “In na je can wa zai riƙa yi min hira, keken ɗinkinka?”

A kasuwa kuwa, maƙwabciyar shimfiɗarta ita ce Mai Tumatir, mace mai jiki, mai ciwon gwiwa, wadda in ta zauna sai ta dafa ƙasa ta yi salati kafin ta miƙe. Ita kaɗai ce ba ta yi wa Gwaggo magana da hannu. Takan juyo da fuskarta sosai, ta zage ta da baki kamar kowa.

“Ke kurma, kaushin ƙafar nan taki ko kada ya gani sai ya ɗauka 'yar'uwarsa ce.”

“Ke kuma Buhu, ranar da jirgi ya yi karo da ke, shi za a kai asibiti.”

Muryar Gwaggo ba ta da linzami, don ba ta jin kanta, saboda haka duk zagin da ta yi sai an ji shi har gidan injin. Amma akwai abin da ke tsakaninsu wanda ba kowa ya lura ba. In katako ya fara motsi, kafin ta taɓa murfin tukunya, Gwaggo kan ɗauki maɓalli ɗaya daga tire ta jefi Mai Tumatir da shi. Sai ta ga ta dafa ƙasa ta fara yunƙuri, sannan ta buga wa sauran. Mai Tumatir ba ta taɓa mayar da maɓalli ko ɗaya ba. “Kayan da aka jefe ni da shi nawa ne,” in ji ta, ta ƙulle a bakin zane.

Ana nan, bayan wata damina, ma'aikatan reluwe suka zo da manyan motoci. Katakan sun tsufa, gara ta ci wasu, ruwa ya ruɓar da wasu, akwai wanda in aka taka sai ƙafa ta nutse. Aka ta da kasuwa ta koma gindin katangar sito na ɗan lokaci. Gwaggo ta zauna a ƙofar ɗakinta tana kallo ana zare katakan ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire haƙora. A madadinsu aka sauke wasu baƙaƙen gumagumai, santala-santala, duk kai ɗaya.

Helman ma'aikatan, wato shugabansu, mutum ne mai fara'a. Da ya ga tana leƙe, ya yafito ta, ya sa bakinsa daidai idonta.

“Mama, taɓa ki ji. Roba ce. Tsofaffin tayoyi aka niƙe aka curo su. Gara ba ta ci, ruwa ba ya ci, kuma ba a sare itace ko ɗaya ba.”

Ta sunkuya ta shafa. Rana ta gasa shi, wari na tashi, kuma ta san warin nan. Warin rumfar mijinta ne, warin tafin hannunsa in ya dawo da yamma, wanda sabulu bai taɓa fitarwa duka ba. Ta daɗe a sunkuye har helman ya taɓa kafaɗarta.

“Lafiya, Mama?”

“Lafiya lau. Abin naku ya yi kyau.”

“Kuma yana shanye girgiza. Yanzu ko ɗakinki ba zai motsa ba, kya samu ki huta.”

Ta yi masa godiya. Ranar, tsakani da Allah, murna ta yi. Sai bayan ya juya baya maganarsa ta shanye girgiza ta dawo mata.

Gaskiya ya faɗa. Unguwa duka ta yi farin ciki. Bangon da ake liƙewa duk shekara ya daina tsagewa. Kofunan mai shayi suka daina tafiya da kansu a kan tebur. Masu jego suka ce jarirai sun daina firgita.

Ranar da kasuwa ta koma mazauninta, Gwaggo ta zauna a wurinta na kullum, ta ɗora ƙafa a kan baƙin gungumen. Ɗumi kawai ta ji, da ɗan laushi. Ta jira. Tana cikin miƙa wa wata mata zare ta ga bakin matar ya buɗe, ta ga laimomi na faɗuwa, mutane na tsalle da kwanduna. Kan jirgin ya riga ya fito daga kwana. Aka sha da ƙyar, buhun albasa ɗaya kaɗai ya tafi.

“Gwaggo, yau gyangyaɗi aka yi ne?” in ji mai nama, yana haki yana dariya.

“Sabon abu ne, ƙafata ba ta gaisa da shi ba tukuna. Ku ba mu kwana biyu.”

Aka yi dariya, aka mayar da kaya.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta sami dutse ta goge kaushin ƙafarta har jini ya tsattsafo, ko fatar ce ta yi kauri. Ta koma ɗora ƙafa a kan ƙarfen kansa, amma da hantsi ya ɗaga sai ya zama garwashi, kuma abin da ke cikinsa rurin injin niƙa ne kawai, ya cakuɗe da komai. Ta gwada tsakuwa, ta gwada tafin hannu. Takan fito da sassafe kafin kowa, ta bi layin tana taka gumaguman ɗaya-ɗaya, ko akwai wanda zai yi mata magana. Duk bakinsu ɗaya.

Sai ta lura da wani abu. Mai Tumatir, wadda shimfiɗarta ta fi kusa da kwanar, wani lokaci takan karkata kai gefe, ta kai hannu ta ja leɓatun kunnenta. Kuma duk sanda ta yi haka, ba a jimawa jirgi ke fitowa. Gwaggo ta riƙe wannan. Da ta ga hannun ya tafi kunne, sai ta jefa maɓalli, ta rarumi murfi ta hau bugu. Gargaɗin ba ya zuwa da wuri kamar da, sai an haɗa da gudu, amma yana zuwa.

“Ƙafar ta fara sabawa,” in ji mai shayi. “Sai dai tsufa ya rage mata sauri.”

Ta san ya kamata ta faɗa. Kullum da safe, tana ɗaura ɗankwali, takan ce yau za ta tara su ta gaya musu. Sai ta iso, ta ga mai burodi ya ɗago ya dube ta ya koma kan cinikinsa da kwanciyar hankali, ta ga matar mai shayi ta kwance goyo ta ajiye a tabarma tsakanin ƙarafa biyu don ta ga Gwaggo na zaune. Maganar ta koma ciki. In ta faɗa, wace ce ita? Tsohuwa kurma mai tiren maɓalli, wadda ƙaninta zai zo ya kwashe da akori-kura. Sai ta ce gobe. Haka aka yi ta tafiya: kasuwa na kallon Gwaggo, Gwaggo na kallon Mai Tumatir.

Ranar da abin ya faru, rana ce mai zafi, ko iska ba ta motsi. Mai Tumatir ta zo tana ɗingishi fiye da kullum, ta ce an canja mata maganin gwiwa. Wajen tsakar rana ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuya a kan kwandon barkono. Gwaggo ta ɗauka tsinta take yi. Ta yi ta kallon hannun nan, hannun na kan cinya bai motsa ba. Mai nama ya dubi Gwaggo, ta gyaɗa masa kai.

A inuwa ta fara gani. Inuwoyin mutane suka tarwatse a kan tsakuwa kamar an jefa dutse cikin kaji. Matar mai shayi ta suri ɗanta da hannu ɗaya. Gwaggo ta miƙe, tire ya kife, ta yi kan Mai Tumatir tana kiran “Buhu! Buhu!” Mai Tumatir ta farka a firgice, ta yunƙura ba ta dafa ƙasa ba, ta taka tumatirinta, santsi ya kwashe ta, ta faɗi da ƙugu a kan ƙarfe. Mai nama da wani ɗan dako suka ja ta ta hammata, suka fitar da ita, jirgin na ta cin burki ya bi ta kan shimfiɗarta. Da ya wuce, baƙaƙen gumaguman sun yi jawur da tumatir. Mai Tumatir na kwance a gefe, bakinta a buɗe. Gwaggo ba ta ji ƙarar ba, amma ta gan ta.

Ƙugun ya karye. Ba wanda ya ce wa Gwaggo uffan. Sai dai ta lura in za su yi magana sukan juya mata ƙeya, kuma ta san abin da wannan ke nufi tun tana yarinya.

Ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Tela ya zo ya durƙusa, bai ma yi maganar ɗakin ba, ya ajiye mata abinci ya tafi. Bayan 'yan kwanaki mai shayi ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

“Gwaggo, mun yi magana. Ba wanda ya riƙe ki. Kowa na gyangyaɗi, ni ma na taɓa zuba wa mutum gishiri a shayi. Tun da kika tafi ba mai ciniki da natsuwa, ko mota ce ta yi ƙaho sai a watse. Don Allah ki dawo wurinki.”

Ta dubi bakinsa har ya gama. Ga shi an kawo mata abin har gida, ba sai ta roƙa ba. Ta ce masa za ta yi tunani.

Washegari ta nufi gidan Mai Tumatir, wanda ke can bayan tashar mota. Surukarta ce ta shigar da ita. Ɗakin na warin man zafi. Mai Tumatir na kwance a gado, an tokare ta da matasai, fuskarta ta zabge kamar ba ita ba. Da ta ga Gwaggo ta juyo da kai sosai, yadda ta saba.

“Sai yau? Na ɗauka ke jirgin ya taka.”

Gwaggo ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

“Buhu, ƙafata ta mutu. Tun ranar da aka sa baƙin abin nan ban ƙara jin komai ba. Ba gyangyaɗi na yi ba. A jikinki nake sata. In kin ja kunne, sai in buga.”

“Rage murya, kina tara mana unguwa.” Mai Tumatir ta yi wa surukar alama ta fita, sannan ta dawo da fuskarta. “Sata? To sannu, ɓarauniya. Ke a tunaninki ƙaiƙayi kunnena ke yi kullum? Saura kaɗan in tsinke shi saboda ke.”

Gwaggo ta zuba wa bakin ido, ko ba ta gane daidai ba ne.

“Kin sani?”

“Tun ranar albasa. Mun yi shekara nawa gefe da gefe? In jirgi na zuwa yatsun ƙafarki kan naɗe kamar na kaza. Ranar na duba, suna nan a miƙe. Sai na matsa da shimfiɗata wajen kwana, na bar hira, na bar rigima da masu saye, na kasa kunne. Kin san wahalar da na sha ina yin shiru?”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Ke me ya hana ki?”

Ƙuda ya sauka a kan zanen gado, Mai Tumatir ta kore shi.

“Na ga yadda kike zama in suna kallonki,” in ji ta can. “Wuya a miƙe, kamar wadda aka ba wa gari. Na ce bari in riƙe miki na ɗan lokaci, ko ƙafar ta saba. Sai maganin banzan nan ya ci amanata.” Ta yi dariya, dariyar ta taɓa ƙugun, ta cije leɓe. “Kin ce jirgin za a kai asibiti. Maƙaryaciya.”

Hawaye na bin kumatun Gwaggo, ba ta share ba.

“Likita ya ce me?”

“Ya ce in gode wa Allah. In suka ce haka kin san sauran. Ni da zaman ƙasa mun yi sallama.” Ta kamo hannun Gwaggo ta matse. “Na ji mai shayi ya je biko. Kurma, dube ni da kyau. Ni ƙugu na bayar, kuma da sanina na bayar. Yarinyar nan, matar mai shayi, tana ajiye goyonta a tsakiyar layi. Kada ki bari a ba da abin da ya fi ƙugu.”

Da gari ya waye Gwaggo ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki murfin tukunya da cokali, ta bar tire. A bakin ƙofa ta tsaya. Ta miƙa hannu bayan ƙyaure ta sauko da takalman. Robar ta bushe ta yi tauri, ƙura ta cika ɗinkin. Ta goge da bakin zane ta zura. Sun yi mata daidai, ko kaɗan mijin nata bai kuskure awon ba. Ta taka, ta ji kamar a kan gajimare take, ba ƙasa ba sama.

Mai shayi ne ya fara hango ta, ya ɗaga hannu da murna. Sai idonsa ya sauka ƙasa, hannun ya tsaya a iska. Ɗaya bayan ɗaya suka bi idonsa. Tsofaffin kasuwa, waɗanda suka san mai rumfar bayan sito, suka dubi juna.

Ta tsaya a wurin zamanta, ba ta zauna ba.

“Ku juyo in ga bakunanku,” in ji ta. “Ba gyangyaɗi na yi ba. Tun da aka canja katako ban san zuwan jirgi ba. Mai Tumatir ce ke ji tana ba ni, ni kuma ina karɓar godiya. Yanzu haka da nake tsaye, ko yana bayan kwanar nan ban sani ba. Kada wanda ya ƙara kallona. Ke,” ta nuna matar mai shayi, “ɗauke yaron nan daga nan.”

Matar ta ɗauke shi. Gwaggo ta miƙa wa mai shayi murfin da cokalin.

“Ku sa mai kunne a bakin kwana, ku riƙa karɓa-karɓa. A buga tsakiya, don gefen murfin ya riga ya tsage.”

Mai shayi ya karɓa da hannu biyu. Bakinsa ya motsa, amma ya sunkuyar da kai, ba ta ga abin da ya ce ba.

Ta juya za ta ƙetare layin. Ƙafarta ta riga ta ɗaga, sai ta tuna, ta mayar. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta sake duban dama, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ubanta ya saɓa ta a kafaɗa. Mai nama ya ajiye wuƙa ya zo ya kama gwiwar hannunta, ya ƙetarar da ita a hankali. Da suka kai ɗaya gefen ya yi mata alama da hannu cewa ta sauka lafiya.

Kafin wata ya ƙare tela ya zo da akori-kura. Kayan ba su cika rabinta ba. Ɗakin da aka share mata yana da kyau, da taga da labule, yara na shigowa su yi mata magana da yatsu, ita kuma tana tsinke wa ƙaninta zare a jikin riguna don kada ta zauna haka nan. Kasuwa na nan na ci. An ce masu karɓa-karɓar suna yi, wani lokaci su buga wa mota, wani lokaci su makara, amma ba a ƙara asarar da ta wuce kwando ba.

Kullum da hantsi takan zura takalmanta ta bi titin kwalta zuwa bayan tashar mota. Ta cire su a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon, ta shafa wa Mai Tumatir mai a ƙafa, su zagi juna har su gaji. A kan tagar, inda hannu zai kai, akwai gwangwanin madara cike da maɓallai, manya da ƙanana, na shekara da shekaru.

Wata rana suna zaune, Gwaggo na gyaran bakin wani zane, sai wani abu ya buge ta a kafaɗa ya gangara kan cinyarta. Maɓalli ne, shuɗi, mai huda huɗu. Ta ɗago. Mai Tumatir ta karkata kai wajen taga, tana saurare.

Gwaggo ta ajiye allura. Ta shimfiɗa tafin ƙafafunta biyu a kan siminti, ta danna, ta rufe ido. Sanyin siminti kawai. Ta daɗe a haka kafin ta buɗe.

“Ya wuce?”

Mai Tumatir ta juyo da fuskarta sosai.

“Ya wuce. Miƙo min kayana.”

Gwaggo ta miƙa mata maɓallin, ta mayar cikin gwangwani.